ESP8266, ESP32 ko Pico W: Wanne Zai Faɗa Maka Inda Yake Masa Ciwo?

A bazarar da ta wuce na haɗa wata 'yar na'ura da ke auna ruwan tankin gidanmu ta turo min a waya, don a daina barin sumo yana aiki har ruwa ya malale. ESP32 na sa mata, ɗaya daga cikin ƙananan allunan lantarki masu Wi-Fi da ake ɗora wa manhaja su sarrafa na'ura. Mako guda tana kan tebur ba ta taɓa gardama ba. Ranar da na rufe ta a kwalin roba na ɗaure a ƙarfen tanki, sai ta fara wani hali: ta turo saƙo sau biyu ko uku, ta yi tsit, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Na hau da kwamfutar cinya, na jona igiyar USB, sai ta koma lafiya lau. Na cire, ciwon ya dawo. Sai da na yi hawa uku kafin na lura cewa da zarar na jona kwamfutar, ita ke ba allon wuta, wato ni da kaina nake ɓoye matsalar. Na ɗauko wata 'yar adafta ta USB daban, na jona waya biyu kacal, ƙafar TX da allon ke fitar da saƙo ta cikinta da ta GND, wato nagatif, na bar allon a kan wutarsa ta asali. Ba a yi minti biyu ba layi ɗaya ya fito a fuskar kwamfuta: "Brownout detector was triggered". Wutar da ke isa allon ce take faɗuwa duk lokacin da Wi-Fi ya yunƙura zai aika saƙo, saboda siririyar waya mai tsawo da na ja tun daga caja a ƙasa. Na hau da bolt 12 maimakon 5, na rage shi a kusa da allon, na ƙara kafasita, mai ɗan tara wuta ta cike giɓi idan ta faɗi. Magana ta ƙare.

Tun daga ranar, idan ɗalibi mai shirin aikin kammala karatu ya tambaye ni allon da zai saya, ba na fara masa da gudu ko arha. Dukkansu suna da gudun da ya ishi kunna famfo ko auna zafin ɗakin kaji. Abin da nake dubawa biyu ne: yaya ake ɗora masa manhaja, kuma ranar da ya ƙi aiki, zai buɗe baki ya yi bayani ko zai yi gum? Rubuta umarnin kansa ba ya cin lokaci kamar farautar kuskure.

ESP8266

Kamfanin Espressif na birnin Shanghai ne ya fitar da shi, ya shiga hannun jama'a a 2014, kuma shi ya fara sa Wi-Fi ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai saka a aikinsa. A kasuwa za ka same shi da sunan NodeMCU ko D1 mini. Yana gudu a 80 MHz, ana iya kai shi 160, ba shi da Bluetooth, ƙafar auna wuta kuma guda ɗaya tak gare shi.

Ina girmama shi, amma ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da shi yau. Ma'adanarsa ta aiki ƙarama ce ƙwarai. Da ka buɗe haɗi mai tsaro na HTTPS, wanda shi kaɗai kan nemi wajen kilobait 16 don karɓar saƙo, sai ka ga wuri ya ƙure, allon ya fara faɗuwa ba gaira ba dalili. Yana magana idan ya faɗi, sai dai a taƙaice. Zai rubuta "Exception (28)", ma'ana ka nemi karanta wani wuri a ma'adana da ba ka da iko da shi, ko "Soft WDT reset", wato maigadin da ke cikinsa ya ga umarninka ya riƙe aiki na daƙiƙoƙi bai saki Wi-Fi ya numfasa ba, ya tashe shi daga farko. Akwai kuma abin da ke rikita kowa a ranar farko: saƙon da yake fitarwa lokacin tashi yana zuwa a gudun 74880, shi ya sa kake ganin tarkacen haruffa idan tagar da kake karanta saƙonsa a kwamfuta, wato Serial Monitor, tana kan 115200. Mayar da ita 74880 ka danna RST, za ka ga dalilin da ya sa ya sake tashi a rubuce. Idan kana da shi a aljihun tebur kuma aikin kunna rile ɗaya ne, wato makunnin da allon ke sarrafawa, yi amfani da shi. In kuwa yanzu za ka cire kuɗi, wuce gaba.

ESP32 na asali

Wannan ya fito a 2016: ƙwaƙwalwa biyu masu gudun 240 MHz, ma'adanar aiki kilobait 520, Wi-Fi, da Bluetooth iri biyu, tsohon da lasifika ke amfani da shi da kuma mai ƙarancin cin wuta. Shi ne ya fi yawa a shaguna, kuma kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka, ya rubuta maganinta.

Wahalarsa ta farko tana wajen ɗora manhaja. Tsakaninsa da kwamfuta akwai wata 'yar IC mai fassara, galibi CH340 ko CP2102, kuma a Windows sau da yawa sai ka saka direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, kafin a ga allon. Duba kusa da bakin USB, sunan yana rubuce a bayanta. Idan ka saka direba amma har yanzu shiru, kafin ka zargi mai shago canja igiya, domin da yawa daga igiyoyin da ke zuwa da fitilar caji ko ƙaramin fanka waya biyu ce kawai a cikinsu, wuta suke kaiwa ba sa ɗaukar bayani. Allon zai kunna fitilarsa ka ɗauka komai daidai ne. Masu Linux su kuma sai sun saka kansu a rukunin dialout. Bayan an haye wannan, wani allon zai tsaya yana jera ɗigo-ɗigo bayan kalmar "Connecting" har ya gaji. Danne maɓallin BOOT ka riƙe har lodin ya fara. In abin ya zame masa ɗabi'a, kafasita mai 10 µF tsakanin ƙafar EN da GND takan raba gardama.

Sai tarkon ƙafafu, wanda ya kamata a rubuta a manna a bango. Ƙafa ta 6 zuwa 11 na ma'adanar filash ne, kada ka taɓa. Daga 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi, ba sa fitarwa. Ƙafa ta 12 idan tana da wuta lokacin tashi, allon zai ɗauka ma'adanarsa ta bolt 1.8 ce, ya ƙi tashi. Wanda ya fi cin mutane shi ne na auna wuta: kashi biyu ne, ADC1 da ADC2, kuma na biyun ba ya aiki muddin Wi-Fi yana kunne. Na ga ɗalibi ya kwana uku yana canja na'urar auna danshin ƙasa, alhali lafiyarta ƙalau. Ya jona ta ne a ƙafa ta 25. Aka mayar da ita 34, nan take lambobi suka dawo. Duk abin da za ka auna, ajiye shi tsakanin 32 da 39.

To amma idan aka zo faɗin inda ke ciwo, babu kamar gidan ESP32, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu. Idan ya faɗi yakan rubuta "Guru Meditation Error", ya faɗi ƙwaƙwalwar da ta faɗi, ta 0 ko ta 1, ya faɗi irin laifin, misali LoadProhibited, sannan ya jero wasu lambobi masu fara wa da 0x40 bayan kalmar Backtrace. Mutane da yawa suna ganin wannan su tsorata su rufe tagar. Kada ka rufe. Waɗannan lambobin sawun ƙafa ne: suna nuna layin da ya kira wani layin, har zuwa inda aka yi tuntuɓe. Abin da ake buƙata shi ne a mayar da su sunan fayil da lambar layi. Idan da ESP-IDF kake aiki, wato kayan aikin Espressif na hukuma, umarnin idf.py monitor yana fassara su da kansa. A PlatformIO, wani kayan aikin rubuta manhaja, layi ɗaya za ka ƙara a fayil ɗin saiti, monitor_filters = esp32_exception_decoder. Sharaɗi ɗaya ne: fayil ɗin ELF da za a fassara da shi, wanda kwamfuta ke fitarwa lokacin haɗa manhaja, ya zama na ainihin manhajar da ke kan allon. In ka taɓa ko waƙafi ka sake haɗawa, sawun zai kai ka wani gida daban. Duba kuma wurin da aka rubuta EXCVADDR. Idan sifili ne ko lamba ƙarama kusa da sifili, kusan kullum ka yi amfani da wani abu ne da ba ka riga ka ƙirƙira ba, ko wanda aka nemi wuri a ma'adana dominsa ba a samu ba.

Haka yake yi da Wi-Fi. A Arduino IDE, manhajar kwamfuta da ake rubuta umarni a ɗora wa allo da ita, ƙarƙashin Tools, akwai Core Debug Level. Ɗaga shi zuwa Verbose, zai riƙa faɗa maka dalilin yankewa da lamba. 201 na nufin bai ga rawutar ba sam. 15 ko 202 yawanci kalmar sirri ce ba daidai ba. Wannan 201 ɗin ina yawan ganinsa wurin masu gwaji da hosfot na waya, domin duk allunan da muke magana a kansu a zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, sababbin wayoyi kuwa wasu suna buɗe hosfot a 5 GHz. Shiga saitin hosfot ka sauya zango. A iPhone sunan maɓallin Maximize Compatibility.

Inda na asalin ya gaza shi ne idan kana son ka tsayar da manhaja tana cikin gudu, ka leƙa cikinta layi bayan layi. Yana yiwuwa ta hanyar JTAG, amma sai ka sayi na'ura daban kamar ESP-Prog, ka sadaukar da ƙafafu huɗu, 12 zuwa 15, kuma ga ta 12 ɗin nan mai hana tashi tana cikinsu.

ESP32-C3 da ESP32-S3

Waɗannan ƙannen ne, an sanar da su a ƙarshen 2020, kuma sun gyara daidai wurin da wansu ya gaza. An gina USB da JTAG a cikin IC ɗin kanta. Igiya ɗaya ce za ta ba da wuta, ta ɗora manhaja, ta kawo maka saƙonni, kuma ta ba ka damar kafa birki a layin da kake zargi ka ga abin da kowane ma'aji ke riƙe da shi. C3 ƙwaƙwalwa ɗaya gare shi, samfurin RISC-V, 160 MHz, kilobait 400, ƙafafunsa kaɗan. Shi ne magajin ESP8266 na gaskiya. S3 yana da ƙwaƙwalwa biyu a 240 MHz da ƙafafu masu yawa, ya dace da aikin kyamara ko fuska mai launi. Dukansu ba su da tsohon Bluetooth, don haka mai son tura sauti zuwa lasifika, ko mai bin darasin da ke amfani da BluetoothSerial, dole ya koma wa na asali.

Su ma da halinsu. Ka ɗora manhaja lafiya, ka buɗe Serial Monitor, ka ga wayam: je Tools ka kunna USB CDC On Boot. Sannan tunda bakin USB ɗin daga jikin IC ɗin yake fitowa, idan allon ya shiga barci mai nauyi sai ya ɓace daga kwamfuta gaba ɗaya, kamar an zare shi. Bai mutu ba. Cire igiya, danne BOOT, mayar da igiya kana danne, zai bayyana. Ka kuma lura wajen saye, don ba kowane allon C3 ne ya jona bakinsa da wannan USB na ciki ba. Wasu har yanzu ta CP2102 suke bi. Allon S3 na hukuma baki biyu gare shi, ɗaya an rubuta UART ɗaya USB, na biyun shi ne na leƙe. Ƙananan allunan C3 masu girman babban yatsa kuwa, masu arhar nan, na sha samun waɗanda eriyarsu ba ta da ƙarfi. Suna kama rawuta a ɗaki ɗaya, a bayan bango biyu su rasa ta. Gwada nisan tun kafin ka lika komai da dalma.

Raspberry Pi Pico W

Wannan daga Ingila yake, ya fito a watan Yunin 2022 a kan dala 6. A cikinsa akwai RP2040 mai ƙwaƙwalwa biyu a 133 MHz da kilobait 264, Wi-Fi kuma wata IC ce daban ta kamfanin Infineon, CYW43439. An buɗe masa Bluetooth a 2023. Ƙaninsa Pico 2 W ya biyo baya a Nuwamban 2024 a kan dala 7, da RP2350 da kilobait 520.

Wajen ɗora manhaja babu wanda ya kama ƙafarsa a sauƙi. Ka danne BOOTSEL, ka jona USB, sai ya bayyana a kwamfuta kamar filashin ajiya mai suna RPI-RP2. Ka ja fayil mai ƙarewa da UF2 ka jefa ciki. Ba direba, ba jiran ɗigo. Kuma tunda wannan hanyar a ƙone take cikin IC ɗin, babu manhajar da za ka rubuta ta toshe ta. In ka saka masa MicroPython, yaren Python na ƙananan alluna wanda Damien George ya fara a 2013, ka buɗe Thonny, manhajar koyarwa da ta fito daga Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya, za ka rubuta layi ɗaya ka ga fitila ta kama a take. Idan ka yi kuskure zai gaya maka sunan fayil da lambar layi ba tare da wata fassara ba. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne: Thonny da MicroPython 'yan megabait ne, alhali kayan ESP32 na Arduino IDE ɗaruruwan megabait ne, kuma in intanet ta yanke a tsakiya wani lokacin sai an sake. ESP32 ma yana ɗaukar MicroPython, a sani, sai dai shigar da shi karon farko ta waccan hanyar direba da BOOT za a bi.

Abubuwa biyu za su ba ka mamaki. Fitilar da ke jikin Pico W ba a ƙafa ta 25 take ba kamar ta Pico marar Wi-Fi, a jikin IC ɗin Wi-Fi take, don haka Pin("LED") za ka rubuta. Kuma idan ka ajiye main.py mai zagaye marar iyaka har Thonny ya kasa shiga, Ctrl+C ne matakin farko. In ya ƙi, akwai fayil mai suna flash_nuke.uf2 da ke share komai. Don Wi-Fi, wlan.status() zai ba ka 3 idan an haɗu, -3 idan kalmar sirri ce, -2 idan bai ga rawutar ba.

Amma ka bar MicroPython ka koma yaren C, sai labari ya sha bamban. Irin kuskuren da zai sa ESP32 ya zubo maka shafi guda na bayani, Pico tsayawa kawai yake yi cak, ko uffan. Ba shi ma da maɓallin sake tashi, sai ka haɗa ƙafar RUN da GND. Maganin shi ne ramuka uku da ke jikinsa, SWCLK, GND da SWDIO. Ka jona su da Debug Probe, wadda Raspberry Pi ta fitar a 2023 a kan dala 12, ko ka ɗauki Pico na biyu ka ɗora masa manhajar debugprobe ya zama likitan ɗan'uwansa. Da wannan a hannu, leƙen cikin Pico yana da daɗi da tsabta, ka tsayar da shi bayan ya daskare ka ga ainihin inda ya tsaya. Abin nufi, mai niyyar yin C a Pico ya sa kuɗin allo biyu a lissafinsa tun farko.

Wani abu game da birkin nan, a kowane allo: idan ka tsayar da ƙwaƙwalwa kana nazari, duniyar waje ba ta tsaya ba. Rawuta da uwar garke za su gaji da jira su yanke haɗin, ka saki birki ka tarar da wata sabuwar matsala da kai ka haifar. Don lissafi da ya karkace ko ma'adana da ta lalace, birki ne magani. Don matsalar Wi-Fi, rubutaccen saƙo mai ɗauke da lokaci ya fi amfani. Ga na'urar da ke saman tanki ko a gona kuwa, koya mata ta riƙa faɗin dalilin tashinta: a ESP32 esp_reset_reason() zai gaya maka ko faɗuwar wuta ce, ko maigadi, ko kuskuren manhaja, ka sa ta turo shi a saƙonta na farko. Da na yi haka tun farko da ban hau tanki sau uku ba.

A batun wuta kowanne da inda ya fi. Pico W yana karɓar daga bolt 1.8 zuwa 5.5 a ƙafar VSYS, don haka batir ɗaya na lithiyam ko ƙananan batura biyu za su tashe shi kai tsaye. ESP32 shi kuma ya fi iya barci: IC ɗin kanta takan sauka zuwa wajen 10 µA. Sai dai allon da ka saya a shago ba zai kai nan ba, saboda AMS1117 mai rage wuta zuwa bolt 3.3 da fitila da IC ɗin USB suna ci ko yana barci. A farke kuma Espressif na ba da shawarar wutar da za ta iya ba da 500 mA. Fawabanki da yawa suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, to kada ka yi mamaki in na'urarka ta yi barci ba ta farka ba. Dukkansu 'yan bolt 3.3 ne; na'urar auna nisa ta HC-SR04 tana maido da bolt 5 a ƙafar Echo, sai an rage da resista biyu. Mai son auna batirin inbata da gaske ya ƙara ADS1115, wani ma'aunin wuta na daban, don ma'aunin cikin ESP32 yana karkacewa a can ƙasa da can sama.

Saura sabunta manhaja ta iska, ba tare da an kwance kwali ba. A gidan ESP wannan a shirye yake, ArduinoOTA layuka kaɗan ne, kuma ESPHome da Tasmota, shiryayyun manhajojin sarrafa kayan gida, a kansu suka girma. A Pico W ana yi, musamman da kayan Arduino na Earle Philhower, amma sai ka ƙara ɗan zama.

Ga yadda nake raba wa masu tambaya. Wanda bai taɓa rubuta umarni ba, ko malamin da zai koyar da aji a ɗakin da kwamfutoci ba su da izinin saka direba, ya ɗauki Pico W da MicroPython. Wanda zai haɗa abin da za a rufe a kwali a bari a waje wata da watanni, ya ɗauki C3 idan ƙafafu goma sun ishe shi, S3 idan da kyamara ko fuska. Ɗalibin da lokaci ya ƙure masa, wanda zai dogara da darussan da ke intanet da abin da ke shagon garinsu, ESP32 na asali ne nasa, da takardar ƙafafun nan a manne a gabansa. Ni kaina yanzu C3 nake fara miƙa wa hannu.

Kowanne ka zaɓa, sayi biyu iri ɗaya, don idan abu ya rikice ka ɗora manhajar a na biyun ka san ko allon ne ko rubutunka. Haɗa da igiyar USB gajera mai kauri wadda ka gwada ta da waya ka ga tana kwasar hotuna zuwa kwamfuta, da 'yar adaftar USB mai ƙafafun TX, RX da GND, da mita, da kafasita mai 470 µF guda biyu ko uku. Kafin kayan su iso, buɗe Wokwi a intanet. Yana kwaikwayon ESP32 da Pico, za ka iya fara rubutu da gwaji tun yau.